Abin da na tsinta a hirar masu gina manhaja a Kabuga

Bayan sallar isha muka zauna wajen mai shayi, wani ƙanenmu ya kawo matsalarsa: yana gina wa babansa shafin intanet na shagon atamfa na Kantin Kwari da Express, wato kayan aikin gina shafukan intanet da harshen JavaScript, amma kowane shafi sai ya sake rubuta HTML, harshen tsara shafin intanet, da hannu.

Yawancinmu muka ce ya fara da EJS, manhajar da ke cike samfurin shafi da bayanai, domin HTML ne da ya riga ya sani, sai ƴan alamomi. Ya girka EJS ta npm, wato ma'ajiyar kayan aikin JavaScript, ya sanar da Express da umarnin app.set, ya zuba fayilolinsa cikin jakar views, sannan umarnin res.render ya kai farashi da sunan kaya shafin. Kan shafi da ƙasansa a ware su fayil guda, a riƙa kiransu cikin kowane shafi da umarnin include.

Wani ya yabi Pug, wata manhaja mai aiki irin na EJS, amma tazara ɗaya ta kuskure a farkon layi sai komai ya rushe. Ni ma ban ba mai koyo shawararsa ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne tsaro, kan alamomi biyu na EJS da ke saka bayani cikin shafi. "Ƙanena, <%= yana tace abin da baƙo ya rubuta, <%- ba ya tacewa," in ji babbanmu. Ta alamar da ba ta tacewa ne ɓata-gari ke cusa JavaScript cikin shafin mutum.