Waɗanda suka kalli Demon Slayer, me ya riƙe ku kuma me ya gundure ku?

Mai buɗe magana: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na kammala zangon farko na Demon Slayer, shirin zane mai motsi na ƙasar Japan, wanda Jafanawa ke kira Kimetsu no Yaiba, wato kashi 26 da kamfanin ufotable ya fitar a 2019, kuma ina so in ji yadda abin ya kasance ga waɗanda suka riga ni. Farkon labarin ne ya kama ni. Tanjiro, yaro mai sayar da gawayi, ya sauka gari talla, dare ya yi masa ya kwana a hanya, da safe ya tarar dodo ya kashe mahaifiyarsa da ƙannensa huɗu, ita kuma ƙanwarsa Nezuko da ta rage ta rikiɗe ta zama dodo, daga nan ya shiga farautar dodanni domin ya samo mata magani. Ni ne babba a gidanmu, saboda haka sa'ad da ya goya ta yana gudu cikin dusar ƙanƙara, sai da na ajiye wayar na ɗan lokaci.

Wata malamar makaranta: Wa'alaikumus salam, Malam. Yawancin mutane zanen suke yabawa, kuma ya cancanci yabo, amma ni tausayin yaron ne ya tsayar da ni. Ka tuna dodanniyar nan ta dutsen Natagumo, wadda ke sarrafa mutane da zaren gizo-gizo? Da ta ga mutuwa ta zo, sai ta miƙa hannuwanta ta sallama, shi kuma yana cikin iska ya fahimci haka, ya sauya salon saransa zuwa wanda ba ya sa zafi. Bai yafe mata abin da ta aikata ba, bai kuma ƙara mata azaba ba. Da ƙanena muke kallo, sai ya tambaye ni me ya sa bai sare ta da ƙarfi ba, muka shafe kusan rabin sa'a muna muhawara, abincinmu ya huce.

Wani ɗalibi: Malama, ki yi haƙuri, wannan tausayin ne ya fara gajiyar da ni daga baya. Kusan duk dodon da aka sare wa kai, sai an dakatar da komai an kai mu yarintarsa domin mu ji tausayinsa, alhali ya gama cinye mutane masu yawa da ba a ba mu labarin kowannensu ba. Labarin dodannin nan Gyutaro da ƙanwarsa Daki, a zango na biyu, ya taɓa ni sosai, domin yunwa da wulaƙancin da suka taso ciki a bayyane suke, amma kafin nan na riga na iya hasashen lokacin da kiɗan baƙin ciki zai fara. Sai kuma Zenitsu, matsoracin abokin tafiyar Tanjiro mai yawan ihu. Wata rana da daddare abin jin sautin kunnena ya zare daidai lokacin da yake kururuwa, mahaifina ya fito da fitila yana tambayar wa ake yankawa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanena, Zenitsu ko banza yana da ranarsa, tunda idan ya suma yakan yi sara guda da ke biyan bashin ihunsa. Nezuko fa? Dominta aka faro tafiyar, amma an toshe mata baki da gora, an sa ta cikin akwati, ba a fito da ita sai faɗa ya yi tsanani. Na yi ta jira in ji me take tunani game da halin da ta shiga, har zangon ya ƙare ban ji ba.

Wani mai gyaran waya: Yaya, na yarda da ke. Ni kuwa kashi na 19 ne ya sa ni cikin rigima da abokaina a shago. A faɗansa da wani dodo mai suna Rui, takobin Tanjiro ya karye, ya tuno rawar wuta da mahaifinsa ke yi, jinin Nezuko ya kama da wuta, kan Rui ya fita, muka tashi tsaye muna tafi har wani mai jiran a sauya masa gilashin waya ya manta abin da ya kawo shi. Da muka buɗe kashi na 20, ashe Rui da kansa ya cire kan nasa, kuma Giyu, ɗaya daga cikin manyan masu farautar dodanni, shi ne ya zo ya gama da shi cikin natsuwa. Abokaina suka ce an yaudare su. Ni na ce daidai ke nan, domin yaron da bai daɗe da kammala horo ba bai isa ya kayar da dodo irin wannan ba. Haka aka yi a fim ɗin Mugen Train na 2020, inda Rengoku, wani babban mafaraucin dodanni, ya mutu, Akaza kuma, dodon da ya kashe shi, ya tsere kafin rana ta fito.

Mai buɗe magana: Haba Malam, ai ban kai ga fim ɗin ba tukuna! Yanzu ka riga ka gaya mini Rengoku zai mutu, amma duk da haka zan kalla a daren Juma'a idan an kawo wuta.