Ranar da Turanci ya tare maka hanya: ku ba mu labari

Malamin firamare, Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i aka tayar da zancen Amurka, inda Trump ya sa hannu a Maris 2025 kan umarnin mai da Turanci harshen hukuma. Na ce ai mu namu tsoho ne: sashe na 97 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce majalisar jiha da Turanci za ta yi aiki, sai in ta zartar da ƙudurin ƙara wani harshe. Wa abin ya taɓa shafa?

Manomi, yankin Bichi: Malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Rigimar gonar gado muka yi. A kotun shari'ar Musulunci ni na yi bayanina da bakina, alƙali ya fahimta. Da magana ta je sama sai aka koma Turanci. Na ce kakana jingina ya bayar, ashe tafinta cewa ya yi sayarwa. Ɗan ƙanena da ke zaune a baya ne ya ankarar da lauyana. Abin haushi, alƙali Bahaushe, lauyoyi Hausawa, ni Bahaushe. Da aka tashi, da Hausa suka gaisa.

Ɗaliba mai karanta shari'a: Sannu Baba. A shari'ar laifi, sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta. Taka rigimar gona ce, ba ta shiga ciki.

Mai ƙuli-ƙuli, Birnin Kudu: Ni takardar bashin ƙungiya na dangwala wa hannu, shafi uku. Zancen ruwa sai ranar biya na ji shi.

Tela, Dambatta: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Mahaifina da ajami yake rubuta lissafinsa, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma mai cike fom ya sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu ba. Bai ce uffan ba har muka iso gida.

Ɗan kasuwa, Maigatari: Maƙwabtanmu na Nijar dai a 2025 sun mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Sai dai takardun da nake gani a bakin iyaka har yanzu da Faransancin suke.

Malamin firamare, Ringim: To Baba na Bichi, gonar fa?

Manomi, yankin Bichi: An ɗage sai bayan girbi. Wannan karon da yaron zan je tun safe.