Ƙanena na son kai mu yawon kwale-kwale cikin dajin Minnesota, har da yara. Ku ba ni shawara

Na Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke aiki Amurka ya gayyace mu hutun ƙarshen shekarar makaranta, ni da uwargida da yara ukku, ƙaramin shekararshi 6. To, sai ga shi da wani tsari: wai za mu shiga wani daji da ake ce ma Boundary Waters, kan iyakar Minnesota da Kanada, mu riƙa tuƙa kwale-kwale daga tabki zuwa tabki muna kwana cikin tanti. Ni ruwan da na sani bai wuce gulbin Rima da tabkin Kware ba, kuma ko can a bakin gaɓa nake tsayawa. Uwargida ta ce ita ba ta ga abin hutu ga kwana cikin daji ba, mu da muke addu'ar Allah shi raba mu da daji. Wanda ya san wurin don Allah shi yi mani bayani. Ana zuwa da yara kuwa?

Basakkwace a Minneapolis:
Wa alaikumus salam Yaya. Na sha shiga wurin, kuma ana zuwa da yara ƙwarai. Ka kwantar wa Hajiya da hankali, wannan daji ba irin na gabashin Sakkwato ba ne, babu mai tare hanya. Tabkuna ne sama da 1,000 cikin fili fiye da eka miliyan ɗaya, kuma tun dokar 1978 aka hana jirgi mai inji a mafi yawansu.

Sai dai abin da ƙanenka bai faɗa maka ba, tuƙin ba shi ne wahalar ba. Tsakanin tabki da tabki akwai tudu. In kun kai gaɓa sai a sauke kaya duka, mutum ɗaya ya kifa jirgin a kansa, katakon tsakiya na zaune kan kafaɗunsa, ya bi 'yar siririyar hanya mai duwatsu da saiwoyi da taɓo har ruwa na gaba. Ba ka ganin komai sai ƙafafunka da cikin jirgi, sauro kuwa ya samu inuwa ya shigo ciki tare da kai, hannuwanka biyu suna riƙe, ba damar kora. A taswira ana rubuta tsawon waɗannan hanyoyi da wani awo da tsayinsa ya kai kamar mita 5, don haka in ka ga 160 to kusan mita 800 ke nan, kuma galibi sai an koma an kwaso sauran kaya. Ku yi hayar jirgi marar nauyi a garin Ely da ke kusa da dajin, akwai na wajen kilo 20. Na gwangwani ya fi araha amma kafaɗa ce za ta biya.

Ga dokoki: ba a wuce mutum 9 da jirgi 4 a ayari ɗaya. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini, kuma ƙididdigaggu ne, tun ƙarshen Janairu ake fara kamawa. Ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba. Da dare ana rataye jakar abinci a reshen itace, sama da ƙasa kusan mita 4, saboda beyar, wata babbar dabbar daji. Waya ba ta kamawa a yawancin wurin.

Ku zo a Agusta. Yuni watan ƙudan cizo ne.

Hajiyar Arkilla:
Malam na Minneapolis, duk kun yi zancen maza. Ina ake kewayawa? Ina ake wanka? Sallah fa?

Basakkwace a Minneapolis:
Hajiya kin yi tambaya. Kowane masauki yana da murhun ƙarfe da masai, amma masan ba shi da ɗaki, kujera ce kawai a kan rami can cikin itatuwa. Mu mukan ɗaura zane a jikin itace, in an ga buta ba ta bakin hanya an san da mutum. Wanka da sabulu ba a yin sa cikin tabki, sai a ɗebi ruwa a yi nesa da gaɓa. Ruwan sha kuma a tafasa ko a tace, komai haskensa. Alƙibla arewa maso gabas take a nan, ba gabas sak ba, ku riƙe kamfas. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 a farkon bazararsu, ga asuba da wurwuri, yara sukan yi barci kafin isha.

Kar ku ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, za a karɓe a filin jirgi. Akwai shagunan halal na Somaliyawa da yawa a Minneapolis.

Ɗan Sarkawa:
Alhaji, ni ban taɓa zuwa Amurka ba, amma cikin jirgi anka haife ni, kakana har Argungu yake zuwa su. Ruwa ɗaya ne ko'ina. Abin da ka kifar da jirgi shi ne mutum ya miƙe tsaye, ko kowa ya rinjaya gefe guda don kallon wani abu, ko a cika shi da kaya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a Shagari a 2022 ba, yawancin waɗanda sunka rasu yara ne. Rigar ruwa kowa shi sa tashi, daidai jikinshi, a ɗaure ta, har mai cewa ya iya iyo. Ka ɗaga yaro ta kafaɗun rigar, in ta zame ta kai kunnuwanshi to ta yi mashi yawa. Yaro shi zauna ƙasan jirgi a tsakiya, babba a baya don shi ka juya akala. Ku tashi da sassafe, iska da rana take tasowa, kuma ku bi gefen gaɓa ko da hanyar ta fi nisa.

Kafin tafiyar ka kawo yaran bakin gulbi su koyi riƙon filafili da zama cikin jirgi. Amma ban da damina in ruwa ya kawo.

Na Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na karanta ma uwargida duka. Ta ce ta yarda da sharaɗi biyu: tabki guda za mu yada zango mu riƙa zagayawa daga nan, kuma mai gayya shi ka ɗaukar jirgi a kai. Ɗan Sarkawa, duba saƙonka, ina son mu zo ranar Asabar. Rigunan ruwa na yara ana samunsu a Sakkwato, ko sai na aika Kano?