Tallafi ne ko kaso? Neman sunan kuɗin gidajen 'yan asalin Amurka

1/ Jama'a, a taimaka mini, musamman masu Hausa a baka, ba masu ƙamus kaɗai ba. Jiya da daddare aka miƙo mini wani labari in fassara, kan kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba al'ummomin asalin ƙasar don gina gidaje da gyara garuruwansu. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: “block grant”. Na rubuta “tallafi”, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa, har shayina ya huce.

2/ Ga yadda abin yake, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu ga fuskarsa ba. A 1996 majalisar Amurka ta yi dokar da ake taƙaita sunanta NAHASDA, Bill Clinton ya sa mata hannu. Kafin nan ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, tana da shirye-shirye barkatai, kowanne da ƙa'idarsa, kuma yawanci daga sama ake yanke irin aikin da za a yi. Dokar ta tattara mafi yawansu ta mai da su kuɗi guda, ana miƙa wa hukumar kowace al'umma ko hukumar gidajen da ta naɗa. Su za su zauna su ga ko sabon gini ya fi musu, ko gyaran tsofaffi, ko taimakon kuɗin haya. Ba a biya kamar bashi, amma akwai sharaɗi: a kashe shi kan masu ƙaramin ƙarfi, a kawo tsarin aiki kowace shekara, a kawo rahoton abin da aka yi.

3/ To me ya hana ni “tallafi”? Kalmar ta gaji. Tallafin mai, tallafin taki, tallafin karatu, har mudun shinkafar da ɗan siyasa ya raba gab da zaɓe, duk ita ake ɗora wa. Kuma ku tuna asalinta: wanda zai faɗi ake tallafa, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Mai ji a rediyo zai ɗauka gwamnati ce ta ji tausayi. Su kuwa masu karɓar kuɗin nan ba haka suke kallonsa ba. Tsakanin 1778 da 1871 Amurka ta ƙulla yarjejeniyoyi wajen 370 da al'ummomin nan, akasari an karɓi ƙasa an yi alkawari. Ta Navajo, alal misali, a 1868 aka yi ta. Ita kanta dokar 1996, a gabatarwarta, ta ambaci amanar da gwamnatin tarayya ta ɗauka a kansu. Wanda ya karɓe maka gona ya yi alkawarin kula da kai, in ya kawo buhun gero, ai ba ka ce masa “Allah ya saka da alheri” da irin muryar almajiri.

4/ Amsoshi sun fara shigowa, na gode.

Malam, Allah ya gafarta, na ga ka ce “kyauta”. Kyauta ba a bin sawunta. Wannan kuwa ana zuwa a duba littafi, in an ga ba daidai ba a ɗauki mataki. Hajiya ta ce “gudummawa”. Ranki ya daɗe, ita gudummawa mai biki ne ya riga ya ɗora tukunya, kika kawo naki. A nan sau da yawa kuɗin shi ne tukunyar baki ɗaya. Wani ƙanena ya ce “diyya”. A'a, ɗan'uwa, diyya in an biya magana ta mutu, kuma ba na jin akwai shugaban al'ummar da zai yarda kuɗin gyaran rufi ya zama farashin ƙasar kakanninsa.

5/ Sai ga wani dattijo da ya yi aikin ma'aji a ƙaramar hukuma ya rubuto mini, ya ce: “Yaro, ka tambayi yadda ake raba kuɗin, sunan yana can.” Baba, Allah ya ƙara girma, ka kashe bakin zaren.

Ba roƙo ake yi ba, lissafi ne. Ana duba yawan jama'ar al'umma, da yawan gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da gidajen da mutane suka cunkushe ko babu ruwa ko madafa a ciki, da iyalan da kuɗin muhalli ke cinye fiye da rabin abin da suke samu, sannan a haɗa da tsofaffin gidajen da aka gina a tsohon shiri waɗanda har yanzu ake kula da su. Abin da ya fito shi ne naka. Shi ya sa Navajo, masu yanki mafi girma da ya ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, suke ɗaukar mafi tsoka, wani ƙauye a Alaska kuma ya sami ɗan abin da ya samu.

Mu da muke jin labarin kason wata-wata da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya a Abuja, ai mun san sunan wannan. Kaso ne.

6/ Saura rabin farko na kalmar, wato cewa a haɗe yake zuwa, ba a yanka shi gunduwa-gunduwa an ce wannan na ƙofa wannan na taga ba. Na ce “dunƙulen kaso”, 'yar yayata da ke leƙen wayata ta ce, “Kawu, na miya?” Ta yi gaskiya, dunƙule ya riga ya tare a kicin. Na juya shi: kaso a dunƙule. Haka ya fi zama a baki.

Wani kuma ya ce in yi hattara, daga “kason gidaje” zuwa “gidan kaso” taku ɗaya ne. Na yi dariya sosai. Jimla za ta raba gardamar.

7/ Amma kada in yaudare ku, kaso ma yana da ɗan gurgunta. Kason jihohinmu tsarin mulki ne ya tsaya masa. Wannan kuwa majalisa ce ke yanka jimillarsa kowace shekara, ta ga dama ta ƙara, ta ga dama ta bar shi. Shekara da shekaru ya tsaya a wajen dala miliyan 650 alhali siminti da katako suna ta hawa, sai a 2024 ya kai kimanin biliyan 1.1. Binciken da HUD ta fitar a 2017 kuwa cewa ya yi ana buƙatar gidaje 68,000 don rage cunkoso da maye waɗanda suka lalace. Ga shi banki ba ya son ba da rance a yankunan al'ummomin nan, domin filaye da yawa gwamnatin tarayya ce ke riƙe da su amana, ba a jinginar da su yadda ake yi da sauran filaye. Don haka ne ma aka kafa wani shiri a 1992 da gwamnati ke tsaya wa mai cin bashin gida. Wancan lamuni ne, kada a cakuɗa. Duk da haka na fi son kalmar da ta ɗan zarce wajen nuna haƙƙi a kan wadda ta mai da mutane mabarata.

8/ Akwai kuɗi na biyu, na raya gari, wanda ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1974: ruwa, hanya, ɗakin shan magani, zauren taro. Shi ba lissafi ba ne, rubutawa ake yi a nema, a gwada da na wasu, a ba ka ko a hana ka. A nan na sakar wa “tallafi” mara. “Tallafin gasa” ya yi kama da kuɗin shirya ƙwallo, don haka na ce tallafin nema. Ɗan ɓangarensa da ake ajiyewa don bala'in da ya taso ba shiri, agajin gaggawa ya ishe shi.

9/ Masu rubuto mini “Indiyawan daji”, don Allah mu bar wannan. Al'ummomi ne fiye da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su, da majalisunsu, da yawa har da kotunansu da 'yan sandansu. Ni “al'ummomin asalin Amurka” nake cewa, in na san sunan al'umma kuma in kira ta da shi.

10/ Ga jimlar yadda na tura: “Gwamnatin Amurka ta raba wa al'ummomin asalin ƙasar kasonsu na gidaje na bana, wanda ake ba su a dunƙule su tsara yadda za su kashe.” Edita ya bar ta a cikin labari, amma a kanu ya mayar da “tallafi”, wai shi mutane suka saba ji. Baba Ma'aji, gobe da safe zan nuna masa saƙonka.