Wai inshorar lafiya caca ce?

Mai Albashi: Jama'a ku taya ni ji. Shekara huɗu ana yankar min albashi duk wata da sunan inshorar lafiya, ranar da ciwo ya kwantar da ɗana sai aka miƙo min takardar likita, wai maganin ba ya cikin tsarin, in je in saya da kuɗina. Su kansu Turawan ai sun gwada abin. A jihar Oregon ta Amurka, a 2008, wasu suka samu inshora wasu ba su samu ba, bayan shekara biyu aka auna hawan jininsu, babu bambancin a zo a gani. Caca ce kawai, mai gidan cacar ne ke ci.

Uwar Biyu: Allah ya ba yaro lafiya. Amma Malam ka ji tsoron Allah, caca fa ka ce. Mu da muke ciki 'yan caca ne ke nan?

Ɗan Lissafi: Abin dariyar, binciken da ya kawo da ƙuri'a aka yi shi. Jihar ba ta da kuɗin ɗaukar kowa a shirin inshorar lafiya na Medicaid, kusan mutum 90,000 suka rubuta suna, gurbin kuma wajen 10,000, sai aka jefa ƙuri'a. Shi ya sa masana tattalin arziki suka yi rububinsa: sa'a ce kaɗai ta raba wanda ya samu da wanda bai samu ba.

Mai Albashi: Kun ji ko? Ƙuri'a! Da bakinsa ya faɗa.

Ɗan Lissafi: Yaya, ƙuri'a daban caca daban. Ba wanda ya zuba ko sisi kafin a zaro sunansa.

Baba Ɗan Fansho: Kai yaro, sisin yaushe? Ka taɓa riƙe sisi a hannunka?

Ɗan Lissafi: Baba, ka yi haƙuri, magana ce kawai.

Mai Jinya: Ku tsaya. Gaskiya ne ba a ga canji mai ƙarfi a hawan jini da kitsen jini ba. Amma a cikin wannan binciken dai, ciwon damuwa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, an gano masu ciwon suga da ba su san suna da shi ba, kuma kuɗin asibitin da ke tsiyata gida ya kusa ɓacewa ga waɗanda suka samu. Sannan Medicaid shirin gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi, ba irin wanda ake cira a albashinka ba ne, Malam.

Sarkin Gardama: Anti ba ki faɗi cewa zuwa sashen gaggawa ya ƙaru da kashi 40 ba. Da mutum ya ji kyauta ne, ko atishawa ya yi sai asibiti.

Mai Jinya: Ka taɓa kwana a sashen gaggawa? Wa ke zuwa can yawon shaƙatawa?

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu ba a janye min kalmar caca ba.

Sarkin Gardama: Hajiya, yadda kike kare su, ko maigidan ne ke aiki a kamfanin?

Uwar Biyu: Kar ka sake ka sa mijina a bakinka. Tiyata aka yi min da ita ban ci bashin kowa ba, abin da na sani ke nan.

Baba Ɗan Fansho: Ka ba ta haƙuri, ba girmanka ba ne.

Sarkin Gardama: Tambaya na yi Baba, tambaya ba zagi ba ce.

Mai Albashi: To bari in tattara mana. An yarda binciken bai ga sauƙin hawan jini ba. An yarda da ƙuri'a aka raba. An yarda mutane sun cika asibiti. Wato duk abin da na faɗa tun farko ya tabbata, sauran surutu ne. Na gode.

Mai Jinya: Wa ya yarda? Ina ka kai maganar damuwa da bashi?

Uwar Biyu: Shi kuma wancan ina jiran haƙurina.