Man da ake shafawa fata ta mutu kafin allura: me za mu kira shi?

Shekaranjiya a asibiti malamar jinya ta shafa wa ɗana wani farin mai a bayan hannu, ta rufe da filasta, ta ce mu jira awa guda kafin a sa masa ƙarin ruwa. Allura ta shiga, yaro ko gezau. Ya ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Na ce man zafi. Tun kafin in rufe baki na san ban faɗi daidai ba.

Man zafi irin su Robb ɗumi da sanyi yake sa wa fata har hankali ya kau daga ciwon. Wannan kuwa jijiyar yake toshewa, ya hana sinadarin sodiyam shiga cikinta, saƙon ciwo ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Aikinsu ba ɗaya ba ne, bai kamata su raba suna ba.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi "man hodar iblis", tunda asalinsa ke nan. Ta fuskar tarihi yana da hujja. Daga ganyen koka na ƙasashen Peru da Bolibiya aka tace koken, wato hodar iblis, a Jamus wajen 1860, kuma a 1884 likitan ido Karl Koller ya ɗiga shi a ido a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka yi tiyata ba ciwo. Amma saboda guba da jarabarsa masana suka ƙera wasu magungunan da za su maye gurbinsa a ɗakin gwaji: furoken a 1905, lidoken a Suwidin a 1943. Irinsu ne ke cikin wannan man. Wutsiyar sunan, wato "-ken", suka gada, ba sa bugarwa. To, wace uwa ce za ta miƙa hannun ɗanta in an ce za a shafa masa man hodar iblis? Malam, wannan suna korar marasa lafiya zai yi.

"Maganin kashe raɗaɗi" kuma farasitamol ya riga ya kama shi, shi kuwa duk jiki yake bi. "Allurar barci" ta tiyata ce, mutum ba ya cikin hayyacinsa.

Ni "man sagewa" nake so. In mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa cewa yake ta sage: tana nan, yana ganinta, ba ya jinta. Abin da maganin ke yi ke nan. Na wajen likitan haƙori sai ya zama allurar sagewa, na fesawa a maƙogwaro feshin sagewa.

Na gwada wa mahaifiyata da daddare, na ce an shafa wa jikanta man sagewa. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta tambaya ko hannun ya saki.