Awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda?

Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta tafi Umara, tana da ciwon suga, ina so in tsara mata lokacin allura da na abinci, amma lissafin ya ƙi fita.

A tikiti an rubuta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 11:30 na dare, sauka Jidda 6:40 na safe, babu yada zango. Wato awa 7 da minti 10. Na san agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, na cire, saura awa 5 da minti 10. To nisan kusan kilomita 3,400 ne, jirgin fasinja kuma yana cin wajen kilomita 850 a awa. Awa 4 kenan. Ina sauran awa guda da 'yan mintuna suka shiga?

Ejan ɗin da ya yankar mana tikiti ya ce "haka kwamfuta ta fitar", shi kenan. Wani maƙwabci ya ce yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ne ya sa ake zagaye, wani ya ce har da zaman jira kafin tashi ake lissafawa.

Don Allah wanda ya bi hanyar nan kwanan nan, daga rufe ƙofar jirgi a Kano zuwa buɗe ta a Jidda, awa nawa ne?